Wa Ke Ɗauke da Alhakin Yatsan da Zarto Ya Cire? Kariya da Diyya a Shagunan Kafinta na Haɗaka

Tsakure

Maƙalar nan ta duba shagunan kafinta na haɗaka da suka yawaita a Ostareliya da Birtaniya da Amurka, inda mutane da dama ke aiki da injinan da ba ɗayansu ya mallaka shi kaɗai. Ta bayyana yadda injin zarto ke raunata mai aiki, sannan ta auna wurare uku da ake ɗora alhakin raunin: kan mai amfani da injin ta hanyar takardar yafe haƙƙi, kan kamfanin da ya ƙera injin, da kan masu gudanar da shagon. Matsayin maƙalar shi ne, wanda ke da ikon buɗe inji da rufe shi shi ne ya fi cancantar ɗaukar alhakin, kuma ya dace ya riƙe shagonsa da ƙa'idar masana'anta ko da doka ba ta tilasta masa ba. Daga ƙarshe ta taɓa abin da wannan ke nufi ga kasuwannin katako da cibiyoyin koyar da sana'a a Nijeriya.

Gabatarwa

Cikin shekarun 1990 aka fara buɗe wasu rumfuna a garuruwan Ostareliya, inda dattawan da suka ajiye aiki ke haɗuwa su yi sassaƙa da gyare-gyare, su sha shayi, su rage kaɗaici. Ana kiransu Men's Sheds, wato rumfunan maza. An kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a 2007, yau kuma adadinsu a can ya haura 1,000. Birtaniya ta kafa tata a 2013. A Amurka abin ya ɗauki wata siffa: shaguna ne da mutum ke biyan kuɗin wata ya shiga ya yi aikinsa da injinan da ba zai iya saya ba, wasu na ƙungiyoyin sa-kai, wasu a cikin jami'o'i.

Amfanin waɗannan wurare ba abin musu ba ne. Matsalar ita ce dokokin kare lafiyar ma'aikata an gina su ne a kan dangantaka guda, ta mai gida da ma'aikacinsa. A masana'anta an san wanda za a kama idan inji ya cinye hannun wani. A ɗakin aikin mutum na gidansa ma an sani, shi da kansa ne. Shagon haɗaka ya faɗa tsakani: injinansa na masana'anta ne, masu aiki da su kuwa ba ma'aikatan kowa ba ne.

Abin da ya faru a Jami'ar Yale cikin watan Afrilu na 2011 ya fito da wannan giɓi fili. Wata ɗaliba da ke dab da kammala digirinta tana aiki ita kaɗai cikin dare a shagon injina na sashen kimiyyar sinadarai, injin juya ƙarfe ya kama gashinta, ta rasu. Hukumar OSHA, mai kula da lafiyar wuraren aiki a Amurka, ta bincika ta ce injin ba shi da wasu kayan kariya da ya kamata ya samu, jami'ar kuma ta musanta hakan. Amma hukumar ba ta ci tarar kowa ba, domin ɗalibar ba ma'aikaciyar jami'ar ba ce, hurumin hukumar kuwa a kan ma'aikata ya tsaya. Injin na ƙarfe ne, ba na katako ba, sai dai darasin ɗaya ne.

Yadda zarto ke cin hannu

Kafin a yi maganar alhaki, ya kamata a fahimci injin. Faifan zarto na tebur mai faɗin inci 10 yana juyawa tsakanin sau 3,000 zuwa 4,000 a minti. Idan faifan mai haƙora 40 ne, yana kuma gudu a 4,000, haƙora sama da 2,600 ke wucewa ta wuri guda a daƙiƙa ɗaya. Mutum mai lafiya yana buƙatar kimanin kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa kafin ya janye hannunsa. A wannan ɗan tsakanin haƙora fiye da 500 sun ratsa naman. Saboda haka duk nasihar da ta tsaya a kan “ka kula” ba ta isa ba, domin lokacin da mutum ya ji zafi aikin ya riga ya gama.

Hukumar CPSC, wadda ke sa ido kan lafiyar kayan masarufi a Amurka, ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 30,000 ne ake kai wa sashen gaggawa na asibitoci duk shekara saboda faifan zarton tebur ya taɓa su, kuma wajen 4,000 daga cikinsu suna rasa yatsa ko fiye.

Ba kullum hannu ke zuwa wurin zarto da kansa ba. Sau da yawa katako ne ke kai shi. Idan ana tsaga katako a tsawonsa, tsagar kan matse bayan faifan, ko katakon ya karkace ya taɓa haƙoran baya masu tasowa sama. Nan take faifan zai ɗaga katakon ya wurgo shi baya kamar harbin jaki, hannun da ke danne da shi kuma ya zame ya faɗa kan haƙora. Maganin wannan tsoho ne, kuma mai araha: wani siririn ƙarfe mai lanƙwasa da ake kafawa a bayan faifan don ya hana tsagar rufewa, da murfin da ke rufe saman faifan, da sandar tura katako. Jagorar hukumar HSE, mai kula da lafiyar wuraren aiki a Birtaniya, ta ce tazarar ƙarfen nan da faifan kada ta wuce milimita 8 a daidai tebur, sandar turawa kada ta gaza milimita 450, kuma a yi amfani da ita a milimita 300 na ƙarshen kowace tsaga. A ƙarƙashin dokar kayan aiki ta 1998, an kuma buƙaci irin waɗannan injina su sami birkin da zai tsayar da faifan cikin daƙiƙa 10 bayan an kashe wuta, domin faifan da ke ci gaba da juyawa shiru bayan an kashe inji ya sha raunata mai miƙa hannu ya kwashe guntaye.

Inda shagon haɗaka ya fi masana'anta haɗari shi ne, waɗannan kayan kariya duk ana iya cire su. Wani memba zai kwance murfin da ƙarfen baya don ya yanka kwari a cikin katako, ya gama ya tafi bai mayar ba. Wanda ya zo bayansa, wataƙila watansa biyu da fara sassaƙa, bai ma san akwai abin da ya ɓace ba. Faifai ya dakushe, kowa yana jiran wani ya sauya. A rumfunan dattawa akwai ƙarin abin lura: raunin gani da na ji, rawar hannu, maganin tsinka jini da ke sa jinin ƙaramin yanka ya ƙi tsayawa, da kuma tsohon gwani wanda ya yi shekara 40 yana aiki ba murfi, yana ganin gyara daga bakin yaro raini ne. Akwai kuma cutarwar da ba ta zubar da jini. Tun 1995 hukumar binciken kansa ta duniya ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, musamman ta hanci, ƙarar injin fere katako kuma takan wuce ma'aunin desibel 85 da ke lalata ji a hankali.

Takardar yafe haƙƙi

Abu na farko da yawancin shagunan nan ke miƙa wa sabon memba, musamman a Amurka, takarda ce da zai sa wa hannu cewa ya san aikin na da haɗari, kuma ba zai nemi diyya ba idan ya ji rauni. Masu shago da yawa suna jin da zarar takardar ta shiga fayil sun tsira.

A Birtaniya wannan tunani kuskure ne tsantsa. Dokar 1977 kan sharuɗɗan kwangila marasa adalci, da dokar haƙƙin masu saye ta 2015, sun hana mai harka ya kuɓutar da kansa ta hanyar rubutu daga alhakin mutuwa ko rauni da sakacinsa ya jawo. A Amurka hukuncin ya danganta da jiha. Jihohi da yawa suna karɓar takardar idan sakacin na yau da kullum ne, amma kusan babu inda take kare mai mugun sakaci ko ganganci. Luwiziyana ta soke irin wannan sharaɗi a cikin dokarta, kotun ƙolin Bajiniya ma ta ƙi amincewa da shi a wani hukunci na 1992. Sa hannun uba a madadin ɗansa ƙarami kuwa kotuna da dama ba sa ɗaukarsa.

Ni a ganina aibin takardar ya wuce rauninta a kotu. Tana neman mutum ya yarda da haɗarin da bai san siffarsa ba. Sabon shiga ya san zarto na yanka, amma bai san katako na harbi ba, bai san ana cire ƙarfen baya ba, bai san wane ne ya taɓa injin jiya ba. Yardar da aka karɓa daga wanda bai sani ba, a hannun wanda ya sani, ba ta da nauyi a ma'aunin adalci. Ƙari a kan haka, takan sanyaya jikin masu shago, su daina duba injinansu. Amfaninta na gaskiya ɗaya ne: idan an rubuta ta a matsayin bayanin haɗari dalla-dalla, aka karanta wa mutum, aka haɗa ta da shaidar horon da ya samu, to ta zama hujjar cewa an yi gargaɗi.

Akwai dokokin da ke sassauta wa 'yan sa-kai. Amurka ta yi ɗaya a 1997, wadda ke kare ɗan sa-kai shi kansa daga ƙarar sakaci mara tsanani, amma ba ta kare ƙungiyar da yake yi wa hidima ba. A Ingila wata doka ta 2015 ta umarci alƙali ya lura ko wanda ake ƙara yana aikin amfanin jama'a ne. Lura ce kawai, ba ta ɗauke wajibcin kulawa ba.

Kamfanin da ya ƙera injin

A 1999 wani lauya Ba'amurke mai digirin kimiyyar fiziks, Stephen Gass, wanda sassaƙa ce abin sha'awarsa, ya ƙirƙiro wata dabara. Ana sa wa faifan zarto ɗan siginar lantarki mara ƙarfi. Jikin mutum na ɗaukar lantarki, busasshen katako kuwa ba ya ɗauka, don haka da zarar fata ta taɓa faifan siginar za ta sauya, wani dunƙulen alminiyam ya faɗa cikin haƙoran, faifan ya tsaya ya nutse ƙarƙashin tebur cikin kashi 5 cikin 1,000 na daƙiƙa. Inda da yatsa zai fita, sai a tashi da ƙwarzane. Manyan kamfanonin zarto ba su karɓi lasisin fasahar ba, sai shi da abokansa suka fara sayar da nasu injin, SawStop, a 2004.

Daga nan tambaya ta tashi: injin da ba shi da wannan birki, alhali akwai shi a duniya, naƙasasshe ne? Shari'ar Osorio ta gwada amsawa. Osorio, wani ma'aikacin shimfiɗa daɓen katako, ya ji mummunan rauni a hannu a 2005 da zarto ƙirar Ryobi, wanda a lokacin ba murfi a kansa, ba kuma majinginar da ke daidaita katako. A 2010 masu yanke hukunci a kotun tarayya da ke Boston suka ba shi dala miliyan 1.5. Sun ce yana da kashi 35 cikin 100 na laifin, amma a dokar jihar wannan bai rage diyyar ba a irin ƙarar da ya shigar, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta tabbatar da hukuncin a 2011.

Ƙoƙarin mayar da fasahar dole ya yi ta jan ƙafa. An kai ƙorafi gaban CPSC a 2003, ta fitar da daftarin ƙa'ida a 2017, ta sabunta shi a 2023 da sharaɗin kada faifai ya shiga jiki fiye da milimita 3.5. Sama da shekara 20 bayan ƙorafin farko, bai zama doka ba. Masu adawa sun kafa hujja da tsadar da za ta hau kan ƙananan injina, da kuma yadda kamfani guda ya riƙe haƙƙin mallakar fasahar. Hujjar ba ta banza ba ce, ganin yadda aka hana shigo da injin Bosch mai irin wannan kariya cikin Amurka a 2017 bayan ƙarar da SawStop ya shigar.

Ga shagon haɗaka lissafin ya bambanta da na mutum ɗaya. Ƙarin kuɗin zai rabu a kan membobi da yawa, masu amfanin kuma mafi yawansu ba ƙwararru ba ne. Shagon da ke da halin sayen irin wannan inji ya ƙi, zai sha wuyar bayani ranar da aka tambaye shi dalili. Sai dai birkin ba ya hana katako harbi, jiƙaƙƙen katako kan tayar da shi ba dalili, kuma yana da maɓallin da ake kashe shi. Injin fere katako da na fitar da ado a gefe da na juyi duk suna nan yadda suke. Ko an ci kamfani tara, tambayar wa ya cire murfin, wa kuma ya bar injin a buɗe, tana nan a cikin shagon.

Mai riƙe da mabuɗi

Tun hukuncin shari'ar Donoghue da Stevenson na 1932, dokar sakaci a ƙasashen da suka gaji shari'ar Ingila, har da Nijeriya, ta tsaya a kan cewa mutum yana da wajibcin kula da duk wanda ake iya hangen aikinsa zai cutar. Kwamitin shago shi ya sayi injin, shi ya san tarihinsa, shi ke cewa wane ya shiga wane ya jira. Ilimi da iko duk suna hannunsa, don haka alhakin ma can ya dace ya zauna. Fikihun Musulunci ya san wannan rabo tun da daɗewa, inda ya bambanta wanda ya yi ɓarna da hannunsa da wanda ya zama sanadinta ta hanyar ƙetare iyaka, kamar mai haƙa rijiya a kan hanyar jama'a. Ya kuma ƙayyade diyyar kowane yatsa raƙuma 10, kashi ɗaya cikin goma na diyyar rai. Barin zarto tsirara a wurin da aka gayyato jama'a ya fi kusa da haƙa rijiyar nan fiye da yadda masu shago ke so su yarda.

Shagunan da suka ɗauki abin da gaske ana gane su da tsarinsu. Ba a ba mutum izinin shago gaba ɗaya, inji-inji ake ba shi, bayan ya yi aiki a gaban mai horarwa an rubuta ranar da sunan wanda ya shaida. Wasu sun haɗa wutar kowane inji da katin memba, ta yadda ba zai tashi ba sai ga wanda aka horar a kansa. Ba a yarda kowa ya yi aiki da inji shi kaɗai ba. Kowane zama yana da mutum guda da aka san shi ne mai kula, wanda ke da ikon kashe inji ko da a gaban wanda ya haife shi. Inji in ya sami matsala ana cire masa wuta a sa masa kwaɗo, ba a manna masa takarda a wuce ba. Akwai kuma littafin da ake rubuta haɗarin da aka tsallake, wanda a ganina ya fi duk sauran takardun shagon daraja, domin katakon da ya harba bai sami kowa ba yau shi ne zai sami wani gobe. Littafin ba ya rayuwa sai in mai kawo rahoto ya tabbata ba za a kunyata shi ba.

Siffar ƙungiyar a doka ma tana da tasiri. Idan taron mutane ne kawai ba rajista, 'yan kwamiti na iya biyan diyya daga aljihunsu. Shi ya sa rumfuna da yawa a Ingila ke yin rajista a matsayin ƙungiyar agaji mai zaman kanta a gaban doka, sannan su sayi inshorar raunin jama'a. Ƙungiyar rumfunan Ostareliya ta shirya wa membobinta inshora ta bai-ɗaya, abin da rumfa ɗaya mai dattawa 20 ba za ta samu da sauƙi ba. Kamfanin inshora kuma yakan zama mai sa idon da doka ba ta samar ba, don ba ya karɓar shago sai ya ga tsarin horo da na gyaran injina.

Abin da ya shafe mu

Ba mu da rumfunan 'yan ritaya, amma injin haɗaka mun san shi. A kasuwannin katako na biranenmu kafinta kan ɗauki katakonsa ya kai wurin mai inji a tsaga masa ko a fere, ya biya, sau da yawa kuma yaronsa ne ke tsaye a bayan injin yana karɓa. Cibiyoyin koyar da sana'a na gwamnati da na ƙungiyoyi su ma suna tara masu koyo a kan inji guda. Teburan zarto da yawa ƙirar masu walda ne na gida, faifai a waje, bel a waje.

Haɗari biyu sun fi kama da namu. Na farko ɗauke wuta. Inji yana aiki wuta ta tafi, ba wanda ya tuna ya kashe makunni, yaro ya sa hannu yana share ƙura, wuta ta dawo ko a tayar da janareta. Akwai makunni mai maganaɗisu da ke sakin kansa da zarar wuta ta yanke, injin ba zai sake tashi ba sai an danna da hannu. Kuɗinsa bai kai na faifai mai kyau ba, kuma bai kamata a ga injin haɗaka ko ɗaya ba tare da shi ba. Na biyu tufafi. Hannun riga mai faɗi, da mayafi, da hijabin 'yan matan da ke shigowa cibiyoyin koyo, duk abin da ke juyawa zai iya naɗe su. Gyaran ba hana su shiga ba ne, a ɗinka musu rigar aiki mai matsattsen hannu da ɗankwalin da ke rufe kai ba ya lilo.

Doka tana nan a rubuce. Dokar masana'antu ta 1987 ta wajabta killace sassan inji masu haɗari. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa mai ɗaukar aiki zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun da hukumar NSITF ke gudanarwa, ana biyan wanda ya ji rauni ba sai an tabbatar da laifin wani ba, kuma ma'anar ma'aikaci a cikinta ta haɗa da mai koyon sana'a. Amma yaron da mahaifinsa ya damƙa wa maigida da baki, ba albashi ba rajista, da wuya wannan asusu ya san da zamansa. Idan zarto ya taɓa shi, abin da aka saba shi ne maigida ya biya kuɗin ɗinki, a ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Imani da ƙaddara gaskiya ne, amma malamai ba su taɓa ɗaukarsa a matsayin abin da ke goge diyya daga wuyan mai sakaci ba.

Ƙungiyoyin kafintoci da na 'yan katako ne ke da ƙarfin da ya yi daidai da na ƙungiyar rumfunan Ostareliya. Suna karɓar kuɗin memba, suna sasanta rigima, suna iya hana mutum kafa inji a kasuwa. Za su iya yin rajistar amintattu a hukumar CAC, su nemi inshora ko takaful a dunƙule, su kuma sa sharaɗin cewa ba injin da zai ci moriyar asusun sai yana da murfi da ƙarfen baya da makunni mai sakin kansa. Za su iya ajiye akwatin agajin gaggawa a kowane layin injina, su koya wa masu inji abin da ake yi da yatsan da ya fita: a naɗe shi a tsumma mai tsabta mai ɗan danshi, a ɗaure cikin leda, a sa ledar a cikin ruwan ƙanƙara ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar ba, a tafi da shi tare da mai raunin zuwa asibitin da ke da likitocin ƙashi, wanda ya kamata ƙungiyar ta san sunansa da hanyarsa tun kafin ranar.